Alhaji, Kada Ka Sayar Da Fadamar Saboda Sunan Makaranta

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Sakkwato, albasa da hatsi nake yi. Ɗana na fari shekararsa 17, ya gama sakandare bana da sakamako mai kyau, ya samu A1 a lissafi da tattalin arziki, JAMB ma ya ci da kyau. Karatun kasuwanci yake so. Ƙanena da ke aiki a Abuja ya ce in ba Harvard ko Wharton ba, ɓata lokaci ne. Wani ejan kuma ya kawo min takarda mai ƙyalli ta wata jami'a a Ingila, ya ce ita ce ta ɗaya, in ba da kafin alƙalami kafin ƙarshen wata. Mahaifiyarsa ta ce ga Ɗanfodiyo nan a bakin ƙofa. In na haɗa abin da ke hannuna da kuɗin fadamata ta Kwalkwalawa idan na sayar, zan tada kamar naira miliyan 120. Ni ban yi boko mai zurfi ba, kuma ba na son a ce na tauye yaron nan. Wace makaranta ce ta fi suna, kuma sunan ya kai a sayar da gona dominsa?"

Wani uba daga Runjin Sambo

Wa'alaikumussalam Alhaji. Allah ya yi wa yaron albarka, ya saka maka da alheri bisa wannan damuwa da ka yi da makomarsa. Amsarmu tun daga farko ita ce kada ka sayar da fadamar, kuma kada ka ba ejan ko kwabo a wannan watan. Ga dalilanmu, za mu bi su da lissafi irin wanda ka saba yi a rumfa.

Mu fara da maganar ƙanenka, don akwai gyara a ciki. Makarantar kasuwanci ta Harvard, wadda aka kafa a 1908, ba ta ba da digirin farko. Sai mutum ya gama jami'a, galibi ya yi aiki na wasu shekaru, sannan ya nemi MBA, wato digiri na biyu a kasuwanci, a can. Haka ta Stanford take, haka London Business School, haka INSEAD ta Faransa, haka ma Lagos Business School tamu ta gida. Yaro ɗan shekara 17 ba ya shiga ko ɗaya daga cikinsu. Wanda ya je Harvard ko Yale ko Princeton yana son harkar kuɗi, tattalin arziki yake karantawa ko lissafi. Ngozi Okonjo-Iweala ma tattalin arziki ta yi a Harvard ta gama a 1976. Don haka rabin sunayen da ake yi wa kirari a wajen hira ba sa cikin zaɓin ɗanka a yanzu.

Wharton kuwa tana ciki. Reshe ce ta Jami'ar Pennsylvania a birnin Philadelphia, an kafa ta a 1881, kuma a fagen digirin farko na kasuwanci babu wadda ta kai ta suna a Amurka. A bayanta akwai Sloan ta MIT, da Haas ta Berkeley, da Ross ta Michigan, da Stern ta Jami'ar New York, da Dyson ta Cornell, da McIntire ta Virginia. A Ingila sunan da ke buɗe ƙofar manyan bankunan Landan shi ne LSE, wato makarantar tattalin arziki ta Landan, da kwas ɗin tattalin arziki da gudanarwa na Oxford, da Warwick, da UCL. A Italiya akwai Bocconi ta birnin Milan, wadda aka kafa a 1902. Waɗannan su ne na gaba-gaba. Amma jayayyar wace ce ta biyu wace ce ta biyar, wadda yara ke kwana suna yi a waya, ba ta da amfani gare ka ko kaɗan. Mai ɗaukar aiki ba ya bambanta Ross da Stern ta lambar da suka zo a jerin gwanayen makarantu. Abin da ya sani shi ne Stern tana tsakiyar New York, ɗalibanta na zuwa aikin gwaji a bankuna ko ana cikin zangon karatu, Haas tana kusa da kamfanonin fasaha na California, Ross kuma tana da tsofaffin ɗalibai birjik a kamfanonin ba da shawara.

Yanzu ɗauko takardar da ejan ya kawo maka. Inda aka rubuta babbar lamba 1, duba gefenta, mai yiwuwa ka ga 'yar tauraruwa. Ka sa yaron ya karanta maka ƙananan rubutun da ke can ƙasa. Sau da yawa abin da za ka tarar shi ne "ta ɗaya a gamsuwar ɗalibai a yankin kaza", ko "ta ɗaya cikin sababbin jami'o'i", ko kuma jerin wata shekara da ta wuce. Kusan kowace jami'a tana da wani jeri da ta zo ta ɗaya a cikinsa, kamar yadda kowane mai buhu ke cewa albasarsa ta fi bushewa.

Su kansu manyan jerin, ya kamata ka san abin da suke aunawa. Na mujallar US News na digirin farko a kasuwanci, wanda aka fi ambato, ba ya duba albashin ɗalibai ko ingancin koyarwa. Shugabannin makarantu da manyan malamai ake tambaya su ba wa junansu maki daga 1 zuwa 5. Wato suna ne ake aunawa da suna, shi ya sa jerin ba ya cika motsi. Na jaridar Financial Times na MBA ne da digiri na biyu, ba ya magana a kan digirin farko, amma za ka ga an liƙa shi a tallan digirin farko. Na QS da na Times Higher Education suna ba binciken malamai da yawan ambaton rubuce-rubucensu nauyi mai yawa, abin da bai cika shafar yaron da ke aji ɗaya ba. Kuma alƙaluman da dama makarantun ne ke miƙawa da hannunsu. A 2022 Jami'ar Columbia ta amsa cewa ta ba da bayanan da ba daidai ba, ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18 a jerin US News. A 2021 wata kotu a Amurka ta kama tsohon shugaban makarantar kasuwanci ta Jami'ar Temple da laifin zamba saboda ƙaryar alƙaluma don hawa jeri. In manya sun yi haka, ka ƙiyasta abin da ke cikin takardar talla.

To, sunan makaranta yana da amfani ko babu? Yana da shi, ba za mu ruɗe ka ba. Amma amfaninsa na wata kasuwa ce takamaimai. Manyan bankunan zuba jari irin su Goldman Sachs da JPMorgan, da kamfanonin shawara irin su McKinsey, suna da 'yan makarantun da suke zuwa da kansu su ɗebi ɗalibai. Yaro zai yi musu aikin gwaji na kamar mako 10 a hutun bazara kafin shekararsa ta ƙarshe, in ya yi kyau a ba shi aiki tun bai gama ba. Wanda ke makarantar da ba sa zuwa, sai ya sha wuya kafin a ma buɗe takardarsa. Wannan ƙofar ita ce ainihin abin da ake saye da sunan Wharton ko LSE. Littattafan akanta da na kuɗi kuwa kusan iri ɗaya ne ake karantawa ko'ina.

Nan ne ya kamata ka zaunar da yaron ka tambaye shi: wannan ƙofar yake so? Domin aikin da ke bayanta yana da nasa sharuɗɗan. Sababbin ma'aikata a bankunan zuba jari kan yi awa 70 zuwa 80 ko fiye a mako, kuma galibin harkar a kan bashi mai ruwa aka gina ta. Gida irin naka ba zai rasa ra'ayi a kan wannan ba, gara a yi maganar yanzu da a yi ta bayan an kashe kuɗi. In kuwa burinsa ya dawo ya faɗaɗa kasuwancin gida, ko ya yi aiki a CBN, ko NNPC, ko bankin da ba ya ta'ammali da ruwa irin su Jaiz da TAJ, ko kamfanonin binciken kuɗi huɗun nan, KPMG da PwC da Deloitte da EY, to abin da ake tambaya a waɗannan wuraren daban ne, za mu zo kansa.

Akwai wani bincike da ya dace ka ji. Masana biyu a Amurka, Stacy Dale da Alan Krueger, sun wallafa shi a 2002. Sun bi ɗaliban da manyan jami'o'i suka ɗauka amma suka zaɓi zuwa waɗanda ba su kai su suna ba, suka kwatanta su da waɗanda suka tafi manyan. Bayan shekaru, abin da suke samu kusan ɗaya ne. Ma'ana, yawancin nasarar da ake danganta wa makarantar, yaran ne suka shigo da ita. Sai dai binciken ya ware wani rukuni: 'ya'yan marasa ƙarfi sun fi cin ribar babbar makaranta, saboda ita ke ba su sanayyar da ba su gada ba. Wannan ya sa muke cewa yaron ya nemi manyan, in har su za su biya. Warren Buffett da kansa ya shiga Wharton a 1947, ya yi shekara biyu ya bar ta ya ƙarasa a jami'ar jiharsu ta Nebraska. Abdul Samad Rabiu, mai kamfanin simintin da ke Kalambaina, a wata ƙaramar jami'a da ke jihar Ohio mai suna Capital ya yi tattalin arziki. Aliko Ɗangote a Azhar ya yi karatu. Muhammadu Sanusi na II a ABU ya yi digirinsa na tattalin arziki. Gaskiya ne waɗannan mutane sun fito daga gidaje masu ƙarfi, to ai ɗanka ma ɗan gidan kasuwa ne, kuma jarin da zai tsaya a kai shi ne wanda kake shirin sayarwa.

Bari mu zo kan kuɗi, inda maganar take da nauyi. Mu ɗauki dala a kan naira 1,500, fam kuma a kan 2,000, don sauƙin lissafi, ka gyara da farashin ranar da kake karantawa. Miliyan 120 ɗinka ta zama dala dubu 80, ko fam dubu 60. Shekara ɗaya a Pennsylvania ko Jami'ar New York, in an haɗa kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da inshorar lafiya, tana kai wa wajen dala dubu 90. Shekara huɗu dala dubu 360 ke nan, naira miliyan 540. Duk abin da za ka tara har da fadamar bai biya shekarar farko ba. Michigan da Berkeley jami'o'in gwamnatin jiha ne, suna cajin baƙo kuɗi mai yawa, kuma kusan ba sa ba ɗan wata ƙasa tallafin rashin hali.

Ingila kuma, wadda ejan ke tura ka, nan ne haɗarin ya fi ɓoyuwa, domin kuɗinta na yi wa mutum kamar zai iya. Digiri shekara 3 ne a Ingila, 4 a Sikotilan. Amma mafi yawan jami'o'in ba sa ɗaukar mai WAEC kai tsaye, sai ya yi shekarar share fage, Oxford da LSE kuwa sakamakon jarrabawar da ta ɗara WAEC, irin A Level ko IB, suke nema. Don haka ka lissafa shekara 4. Matsakaiciyar jami'a takan caji tsakanin fam dubu 15 da dubu 20 a shekara, manyan kuma daga dubu 25 zuwa sama. Ƙara kuɗin zama. Hukumar bizarsu na neman ka nuna fiye da fam 1,100 na kowane wata in a wajen Landan ne, fiye da 1,400 in a Landan ne, na wata 9, kuma kuɗin su kwana 28 a jere a asusu ba su ragu ba. Ga kuɗin lafiya fam 776 kowace shekara, ana biyan na duk shekarun gaba ɗaya tun wajen neman biza. Ka ga shekara ɗaya takan kai fam dubu 26 zuwa 31 ko a matsakaiciyar makaranta. Fam dubu 60 ɗinka za ta ƙare a ƙarshen shekara ta biyu, saura biyu, fadama kuma ta tafi.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Iyayen da suka yi lissafinsu da tsohon farashi sun wayi gari kuɗinsu ya koma kashi ɗaya cikin uku. A 2024 ɗin an dakatar da wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside saboda sun gaza biyan kuɗi a kan lokaci, aka kai rahotonsu hukumar shige da fice. Ba abin da ya fi karya yaro kamar ya dawo bayan shekara biyu ba takarda, sa'o'insa na gida sun wuce shi. Ƙa'idarmu ita ce kada a tura yaro waje sai kuɗin duk shekarun suna nan a ajiye cikin kuɗin ƙasar da za shi, da ƙarin kashi 15 cikin ɗari na abin da ba a zata ba. Kada a dogara da cewa zai yi aiki ya biya. Ɗalibi awa 20 a mako kawai aka yarda ya yi lokacin karatu, a Amurka ma a cikin makaranta kaɗai, kuma wannan na abinci ne da mota.

Ka kuma san yadda ejan ke cin abincinsa. Jami'o'in da yake tallatawa suna biyansa la'ada a kan kowane ɗalibi. Ba haramun ba ne, dillanci ne kamar na Kara, amma dillali kayan da aka ba shi yake yabo. Shi ya sa ba za ka ji ya ce maka MIT ko Oxford ba, waɗannan kai tsaye ake nemansu. Gaggawar "kafin ƙarshen wata" ita ma dabara ce. Tambaye shi abu huɗu a rubuce: cikakken kuɗin duk shekarun har da share fage, sharaɗin mayar da kafin alƙalami in an hana biza, makin da ake bukata kafin a wuce daga share fage zuwa aji ɗaya, da kuma ko jami'ar ce da kanta ke koyar da share fagen ko wani kamfani ne ya yi haya a harabarta. In ya fara kame-kame, ka samu amsarka.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, makarantun da suka fi tsada su ne wani lokaci suka fi araha ga wanda suka ɗauka. Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst da Dartmouth ba sa duba aljihun uba wajen ɗaukar ɗalibi ko daga ina yake, kuma in sun ɗauke shi suna cike duk gibin da lissafinsu ya nuna gidan ba zai iya ba. Pennsylvania tana duba bukatar tallafi wajen ɗaukar ɗan Najeriya, wanda ke ƙara wa gasar zafi, amma wanda ta ɗauka tana cike masa. Sai dai cikin masu nema 100 ba su kai 10 da ake ɗauka ba a irin waɗannan wurare, kuma kusan duk masu neman zakaru ne a makarantunsu. Don haka a nema da gaske, amma kada a jingina rayuwa a kai.

Ga yadda ake nema. Jami'o'in Amurka suna karɓar WAEC. Ya buɗe asusu a Common App, shafin da ake neman jami'o'in Amurka da yawa ta cikinsa, ya karɓo sakamakonsa na SS1 zuwa SS3 daga makaranta, da wasiƙun shaida daga malamai biyu da shugaban makaranta ko mai ba da shawara. Ya zauna jarrabawar SAT, wadda makinta 1600 ne, kuma manyan makarantun nan galibin waɗanda suke ɗauka suna da 1500 zuwa sama, don haka yana bukatar wata uku zuwa huɗu na shiri. Neman gurbi na masu nema da wuri yakan rufe 1 ga Nuwamba, na gama-gari kuma farkon Janairu. Ku kula da wanda ake kira Early Decision, alƙawari ne mai ɗaure mutum, in sun ɗauke shi dole ya janye sauran. Fom ɗin tallafi, CSS Profile, kai zai shafa: za a tambayi kuɗin shigarka, da kadarori, har da gonar. Faɗi gaskiya ka kuma tanadi takardun banki, don ɗan kasuwar da cinikinsa duk a hannu yake yakan sha wahala a wannan gaɓar. Ofishin EducationUSA na gwamnatin Amurka da ke Abuja da Legas na ba da jagora a kan duk wannan. Abu ɗaya da ke rutsawa da mutane: a wasu jami'o'in, samun gurbi a jami'a ba shi ne samun gurbi a makarantar kasuwancinta ba. A Virginia sai yaro ya shiga sannan ya sake neman McIntire, a Indiana ma akwai wanda aka ɗauka kai tsaye zuwa Kelley da wanda zai sake fafatawa. A karanta takardar ɗauka da kyau. Batun biza kuma yana sauyawa da sauri, a Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku, saboda haka a duba shafin ofishin jakadancinsu kafin a biya ko kuɗin fom.

Akwai wurare na tsakiya da mutanenmu ba su cika dubawa ba. Jami'ar Carnegie Mellon tana da reshe a Doha tun 2004, tana ba da digirin kasuwanci da takardar uwar jami'ar. Jami'ar New York tana da reshe a Abu Dhabi mai ba da tallafi sosai. Ga Jami'ar Amurka ta Alƙahira, ga Jami'ar Cape Town, ga Ashesi a Ghana wadda ke cikin shirin tallafin gidauniyar Mastercard. Ga yaro ɗan 17 da bai taɓa nisa da gida ba, garin da zai ji kiran salla ya ci abincinsa ba tare da bincike ba yana da daraja da ba ta shiga jeri. Duk inda za a je a waje, a tabbatar makarantar tana da tantancewar AACSB ko EQUIS, masu tantance makarantun kasuwanci a duniya, a kuma tabbatar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya za ta amince da takardar, don sai da hakan zai yi hidimar ƙasa. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, yara da yawa suka maƙale.

Sai maganar Hajiya, wadda muke ganin ta fi kowa kusa da daidai, ko da yake ba lallai Ɗanfodiyo kaɗai ba. A Najeriya mai ɗaukar aiki abu uku ya fi dubawa: darajar digiri, shekarun mai nema, da takardar ƙwarewa. Tallan ɗaukar sababbin ma'aikata a bankuna da kamfanonin binciken kuɗi galibi 2:1 suke nema, wato maki 3.50 zuwa sama cikin 5, kuma sukan sa iyakar shekara 26 ko 27. Daga nan jarrabawar gwaji ce da ganawa. Mai daraja ta ɗaya, 4.50 zuwa sama, daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya fi mai 2:2 daga wata jami'ar Ingila da ba wanda ya san ta. Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da tsangayar kimiyyar gudanarwa mai sassan akanta da kasuwanci. ABU Zariya, ta 1962, ita ce ta fi yawan tsofaffin ɗalibai a ma'aikatu da bankunan Arewa, kuma wannan sanayyar ita ce irin abin da Wharton ke sayarwa a can. BUK tana da cibiyar nazarin bankin Musulunci. Jami'ar Legas tana kusa da hedikwatocin kamfanoni, wanda ke sauƙaƙa samun aikin gwaji. Raunin na gwamnati shi ne yajin aiki da cunkoso, a 2022 an yi wata takwas a gida. In wannan ne damuwarka, masu zaman kansu irin su AUN ta Yola, da Pan-Atlantic ta Legas, da Nile ta Abuja suna gamawa a kan lokaci, kuma kuɗin shekara huɗunsu naira ne, ba zai tashi da fadama ba. A duba shafin hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, a ga kwas ɗin da kansa yana da cikakkiyar tantancewa, ba jami'ar kawai ba.

Ra'ayinmu a kan kwas: yaro mai A1 a lissafi ya ɗauki akanta ko tattalin arziki, ya bar gudanar da kasuwanci zalla. Shi gudanar da kasuwancin yakan taɓa komai sama-sama, masu shi kuma sun yi yawa a kasuwar aiki. Da akanta zai iya fara jarrabawar ATS, matakin ƙasa na ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN, tun yana aji ɗaya, don kiredit biyar kawai take bukata, in kuma sashen nasu ICAN ta tantance shi za a yafe masa matakin farko na babbar jarrabawar bayan ya gama. Yaron da ya fito hidimar ƙasa yana shekara 22 ko 23 da 2:1 mai ƙarfi da ICAN a hannu, kuma ya ƙware a Excel da rubuta rahoto da Turanci mai tsabta, ba ya rasa mai kiransa.

A nan ne kuɗinka zai yi aikin da ya dace. Babban suna ya fi arha a digiri na biyu. A Ingila shekara ɗaya ne, kuɗin makaranta galibi tsakanin fam dubu 20 da dubu 40, kuma a lokacin LSE ko Warwick ko Manchester za su duba sakamakonsa na jami'a ba tare da share fage ba. Duniya kuma takardar ƙarshe ta fi tunawa. Fam dubu 60 da wajen rabin digirin farko kawai za ta biya a matsakaiciyar makaranta, tana iya biyan cikakken digiri na biyu a babba. Ƙila ma ba za ka biya ba, don tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya na ɗaukar komai ga wanda ya yi aikin shekara biyu, ga na Commonwealth. Harvard ɗin da ƙanenka ke so ma a lokacin ne ƙofarta ke buɗewa. Zai tafi yana ɗan shekara 24 ko 25, ya san abin da ya je nema, kai kuma fadama ta yi maka noman rani bakwai ko takwas a tsakani. Abin da ke hannunka yanzu, ban da na juyawa, ka riƙa mayar da wani kaso zuwa dala a asusun banki na kuɗin waje da sunan wannan karatu, kaɗan-kaɗan bayan kowace kaka.

Kafin a buɗe makaranta, ka ba shi aiki a rumfa. Ba shi littafi ya bi mota ɗaya ta albasa tun daga gona har Kudu: nawa aka sayi buhu, nawa kuɗin buhun da ɗinki da 'yan dako, nawa direba, nawa aka bayar a shingaye, buhu nawa suka ruɓe a hanya, nawa dillalin can ya cire, kwana nawa kuɗin suka yi kafin su dawo. Ya zuba su a kwamfuta, ya fito maka da ribar buhu ɗaya, sannan ya lissafa abin da za a samu in an ajiye albasar wata uku bayan an cire wadda za ta lalace. Daga yadda ya riƙe wannan aikin za ka gane ko kasuwancin yake so ko sunan. Kuma in ya zo rubuta maƙalar neman gurbi mai kalma 650 ta Common App, wannan motar albasar ce abin da zai rubuta, don masu tantancewa sun gaji da labaran da suka yi kama da juna, ba su kuma cika samun yaron da ya san dalilin da farashi ke faɗuwa a Sakkwato ranar da motoci suka yi yawa ba.

A wannan makon ya karɓi gurbinsa na JAMB in ya fito, kada ya bari ya wuce yana jiran waje. Ya yi rajistar SAT, ya zaɓi makarantu shida zuwa takwas masu cikakken tallafi ya nema yana cikin karatunsa na gida. Amsoshin Amurka sukan fito zuwa ƙarshen Maris. In wata ta ɗauke shi da tallafi, ka kawo takardar a lissafa abin da ya rage a kanka na shekara huɗu, in ribar kasuwa za ta ɗauka ba tare da an taɓa ƙasa ba, ka sa masa albarka ya tafi. Ƙanenka kuma ka kira shi ka nuna masa wannan lissafin, ka roƙe shi ya nemo wa yaron wurin aikin gwaji a Abuja a hutun ƙarshen aji biyu.